Zare: waƙa na koyar da Sifaniyanci, amma sai ka san abin da bakinka ke rerawa

1/ Jiya a ɗaki wani abokina ya gan ni ina bin wata waƙar Sifaniyanci da biro a hannu. Ya ce, "Kai dai kiɗa kake son ji, ka laƙaba masa karatu." Muka yi ta musu har aka kira Isha. Abin da ban samu na faɗa masa ba shi zan zuba a nan. Zaren da ɗan tsawo, a yi haƙuri. 🧵

2/ Ra'ayina a taƙaice: wanda zai fara koyon Sifaniyanci a inda babu malami, babu aji, data ma sai an lallaɓa, ba shi da hanya mai araha ta gyara kunne da harshe kamar waƙa. Amma da sharaɗi guda, ya san ma'anar kowace kalmar da yake rerawa. In babu wannan, shi da aku duk ɗaya.

3/ Ni ɗan Birnin Gwari ne, ina karatu a Zariya, kuma kwas ɗina ba ruwansa da harsuna. A garinmu ban san mutum ko ɗaya da ke koyar da Sifaniyanci ba. Kaduna kuwa sama da kilomita 100 ce, a kan hanyar da kowa ya san shekarun da aka yi ana binta da addu'a a baki.

4/ Ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse sabis ɗin waya a wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindigar daji, har da tamu. Kusan wata biyu babu kira, babu WhatsApp, babu YouTube. Waya ta koma tocila da rediyo. Abin da ke kan memori shi ne duniyarka.

5/ A memorina akwai wasu waƙoƙi da mai shagon caji ya tura min gaba ɗaya, irin turin nan na "cika min kawai". Cikinsu akwai guda tara da ban san ko wane yare ba ne. Don zaman banza na fara rubuta abin da kunnena ke ji, da rubutun Hausa, a bayan wani tsohon littafin lissafi.

6/ Da sabis ya dawo na nemo rubutattun baitocin na gwada da nawa. Wallahi sai da na yi dariya. Inda na raba kalmomi duk shirme ne, na haɗe biyu, na tsinka ɗaya. Amma sautukan yawanci na kama su daidai. Dalili kuwa, Sifaniyanci kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa.

7/ Wasulansu biyar ne: a, e, i, o, u, kuma ba sa sauya murya. Irin namu ke nan, sai dai mu muna da dogo da gajere. Kwatanta da Turanci, inda harafi ɗaya zai ba ka sauti uku ko huɗu, malami ya ce haddace kawai. Bahaushe ya shiga Sifaniyanci da jarinsa a aljihu.

8/ Sai ga yajin aikin ASUU na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas cur a gida. Wasu sun koyi ɗinki, wasu sun shiga harkar kirifto, ni tsakanin gona da gida na riƙe waƙoƙin nan tara. A nan na gane inda waƙa ke da amfani da inda take yaudara.

9/ Kafin nan, mai cewa "me Bahaushe zai yi da Sifaniyanci?" ga amsa. Kusan mutum miliyan 500 ne harshen uwarsu ke nan. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, kuma ɗaya daga cikin shida na Majalisar Ɗinkin Duniya. Meziko kaɗai ta fi Sifaniya masu jin sa nesa ba kusa ba.

10/ Kuma ba nesa yake da mu ba. Ikwatoriyal Gini, da ta samu 'yanci daga Sifaniya a 1968, tana nan ƙasan Kalaba. Tsibirinta na Bioko shi ne Fernando Po na da, inda dubban 'yan Najeriya suka yi aikin gonakin koko, har suka riƙa kiran wurin "Panya", daga sunan España.

11/ Ga ƙwallo. Kowane ƙarshen mako gidajen kallo a garinmu cike suke da 'yan Madrid da 'yan Barça ana ta cacar baki. Umar Sadiq, haifaffen Kaduna, ya buga wa Almería da Real Sociedad. Kofin Duniya na 2030 Sifaniya da Fotugal da Maroko ne manyan masu masauki. Harshen yana shigo mana gida ko ba mu gayyace shi ba.

12/ To me ya sa waƙa? Kar ma mu je ko'ina, mu duba zaurukanmu. Nahawun Larabci da malamanmu ke ji da shi, Alfiyyar Ibn Malik, baitoci ne kusan 1,000. An zuba ƙa'idojin a waƙe ne don kada su zube daga kan ɗalibi. Ka manta doka, ka rero baitin, sai ta dawo.

13/ Abin da zai ba ku mamaki: Ibn Malik, wanda ya rasu a Dimashƙu a 1274, haifaffen Jayyan ne, garin da yau ake kira Jaén a kudancin Sifaniya. Alfazazi mai Ishiriniyar da ake rerawa a ƙasar Hausa shi ma mutumin Andalus ne. Mun daɗe muna haddace baitocin mutanen can.

14/ Nana Asma'u 'yar Shehu (1793 zuwa 1864) da waƙa ta karantar da matan karkara. Jajis ɗin 'Yan Taru su haddace, su tafi ƙauyuka su rera, mata su ɗauka suna daka suna kaɗi. Ta san littafi ba zai shiga kowane gida ba, amma murya za ta shiga. Wannan dabara tamu ce tun fil azal.

15/ Masu bincike ma sun gwada. A Jami'ar Edinbura an ɗauki manya 60 aka koya musu gajerun jimlolin harshen Hangari, wanda babu mai jin sa a cikinsu. Wasu suka maimaita da magana, wasu da rerawa. Da aka zo gwajin faɗa da baki, masu rerawa suka fi. An buga sakamakon a mujallar Memory & Cognition a 2014.

16/ Ku lura da iyakar binciken fa. Jimloli kaɗan ne, cikin ɗan lokaci, kuma an ba su fassarar kowace jimla. Bai ce ka sa abin ji a kunne ka kwanta, ka farka kana yare ba. Abin da ya nuna shi ne rerawa na taimaka wa abin da ka riga ka fahimta ya zauna a kai.

17/ Hujjar da ta fi ƙarfi a kan masu irin ra'ayina ita ce finafinan Indiya. Sama da shekara 60 Hausawa na kallo suna rera waƙoƙin. A Kano har masu bandiri sun ɗauki karin suna yabon Manzon Allah (SAW) da shi. Iyayenmu mata sun haddace waƙoƙi cur. Amma mutum nawa ne cikinsu ke iya hira da Indiyanci?

18/ Kaɗan ne ƙwarai. Yawanci an tsaya a dil da pyar da zindagi. Waɗanda suka iya da gaske, irin masu fassara finafinai zuwa Hausa, in ka bincika za ka tarar sun zauna da takarda, sun rubuta, sun tambaya, sun gwada. Waƙar ce ta kai su bakin ƙofa, su suka tura ta da hannunsu.

19/ Ni ma na faɗa ramin. Akwai Despacito ta Luis Fonsi da Daddy Yankee, wadda ta fito a 2017 ta zagaye duniya. Tana cikin guda taran nan. Na rera ta watanni, har ƙanena ɗan firamare ya ɗauki amshin yana yawo da shi a tsakar gida, gaban Baba da Inna.

20/ Ranar da na karanta fassararta kalma bayan kalma, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sunan dai ma'anarsa "sannu-sannu", amma abin da ake yi sannu-sannun ba na faɗa gaban iyaye ba ne. A Maleshiya gidan rediyo da talabijin na gwamnati ya daina sa ta tun Yulin 2017 saboda haka.

21/ Allah ya rufa asiri babu mai jin yaren a gidan. Amma daga ranar na kafa wa kaina doka: ba na rera layin da ban fassara ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma bakin da ya faɗi abu naka ne ko ka gane ko ba ka gane ba. Iyaye masu yara da waya, wannan ya shafe ku ko da ba ruwanku da Sifaniyanci.

22/ Yaudara ta biyu: kalmomin waƙa ba su ne kalmomin kasuwa ba. Ranar farko da na yi magana da wani ɗan Kolombiya a manhajar musayar harshe, na iya ce masa zuciyata ta karye, dare ya yi tsawo, ba zan manta da ke ba. Amma da ya tambaye ni ƙarfe nawa a wajenmu, sai na yi tsuru-tsuru. 😅

23/ Ta uku: mawaƙi na lanƙwasa harshe don kari ya zauna. Mutanen Kuba da Puwerto Riko kan haɗiye "s" na ƙarshen gaɓa, su ce wani abu kamar "etá" a maimakon "estás". Wani ya matsar da nauyin kalma daga inda yake. A Sifaniyanci kuwa nauyi na sauya ma'ana: "hablo" ina magana, "habló" ya yi magana.

24/ Mu Hausawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Fari na launi da fari na rashin ruwa, murya ce ta raba su. Wanda ya koyi Hausa daga waƙar fim kaɗai zai riƙa karya irin waɗannan. To haka mu ma a yarensu. Dole ka haɗa waƙa da jin magana ta yau da kullum.

25/ Ta huɗu, ta 'yan Barça ce musamman: taken kulob ɗinku da kuke bi da "lalala" ba Sifaniyanci ba ne, Katalanci ne, harshen yankin Kataloniya. Wani abokina ya kawo min shi wai in fassara masa, na yi ta juya ƙamus a banza. Ka tabbatar da yaren kafin ka ɓata mako guda.

26/ To duk da haka me ya sa nake nan kan bakana? Saboda akwai abubuwan da waƙa ta ba ni waɗanda takarda ba za ta iya ba. Na farko maimaici ba gajiya. Jimlar littafi sau uku ka karanta ka gundura. Amshin waƙa za ka faɗe shi sau 50 a rana kana sharar gona, ba wanda ya sa ka.

27/ Na biyu harshe. Matsalarmu "p" da "f", tunda a Hausa ba mu raba su ba. A Sifaniyanci "pino" itace ne, "fino" kuma siriri ko mai laushi. Sai kuma cusa wasali: "tres" ya koma "tires". Kari ba ya yafe wannan. Ka ƙara gaɓa ɗaya, mawaƙi ya wuce ya bar ka, dole ka gyara.

28/ Akwai kuma inda muke da riba. Suna da "r" mai bugu ɗaya da mai kaɗawa: "pero" amma, "perro" kare. Turawan Ingila na shan wuya a nan, mu kuwa kaɗa harshe gadonmu ne. "j" ɗinsu kamar خ ce, duk ɗan Islamiyya ya iya. "v" kuma daidai take da "b", ka ga an ɗauke mana nauyi.

29/ Jinsi ma haka. Mai Turanci na mamakin yadda tebur zai zama mace. Mu kuwa mun saba: riga, mota, hula duk "ta". Su ma yawancin masu ƙarewa da "a" mata ne: casa, mesa. Har togaciyar ta yi kama. Mu gida da ruwa da suna maza ne, su kuma día da mapa da problema.

30/ Sai kalmomin da za ka ji a waƙa ka ce ai na san wannan. Musulmi sun yi mulki a Andalus daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, Larabci ya bar musu dubban kalmomi. "Alcalde" magajin gari, tushensu ɗaya da alƙali. "Azúcar" sukari. "Aceituna" zaitun. "Hasta" hatta.

31/ Wadda ta fi burge ni "ojalá". Mawaƙansu na yawan faɗinta in suna fatan wani abu. Asalinta Larabci ne mai ma'anar in Allah ya so. Kuma ita ta koya min wani sashe na nahawunsu da ɗalibai ke tsoro, inda aikatau ke sauya siffa bayan fata ko roƙo. Kunnena ya saba da shi kafin in san sunansa.

32/ Ga yadda nake yi yanzu, ga mai so ya gwada. Waƙa ɗaya a mako, ba goma ba. Ka zaɓi mai tafiya a hankali wadda ake jin kalmomi ɗaya-ɗaya: tsofaffin bolero na Kuba da Meziko, ko waƙoƙin yara na ƙirga da ranakun mako. Reggaetón a bar shi sai an yi ƙwari.

33/ Ranar farko ka karanta fassarar tukuna. In ba abin da za ka iya faɗa gaban mahaifiyarka ba ne, ka wuce, waƙoƙi ba su ƙare ba. Rana ta biyu ka rufe takarda ka rubuta abin da kunnenka ya ji. Ta uku ka gwada da na asali, ka ja layi a duk inda ka kuskure. Nan ne darasinka yake.

34/ Ta huɗu ita ce mai muhimmanci, kuma ita mutane ke tsallakewa: ka ciro aikatau biyar ka fitar da su daga soyayya ka kai su kasuwa. Ka ji "quiero", ina so. To gina naka: quiero agua, ina son ruwa. Quiero ir a Kaduna, ina son zuwa Kaduna. Sai ka juya: quieres, kana so, quiere, yana so.

35/ Ta biyar ka karanta baitocin da muryar magana, babu kari, kamar kana ba wani labari. Ta shida ka ɗauki muryarka a waya ka saurara, ko da za ka ji kunya. Ta bakwai ka nemi ɗan gajeren labari ko hirar ɗan wasa bayan ƙwallo, ka ga kalma nawa za ka cafke.

36/ Duk wannan data ɗin da zai ci bai kai na kallon bidiyo uku a TikTok ba. Ka sauke waƙar sau ɗaya, ka ɗauki hoton baitocin, ka sa ƙamus mai aiki ba intanet. Wanda ya taɓa zama wata biyu babu sabis ya san darajar abin da ke aiki ko an kashe eriya.

37/ Na san akwai 'yan uwa da ba sa jin kiɗa saboda fahimtarsu ta addini. Ina girmama wannan, kuma ni ba malami ba ne da zan ba da fatawa. Amma abin da ke riƙe kalma a ƙwaƙwalwa kari ne da amsa-amo da maimaici. Ganga da jita ado ne. Alfiyya ai babu kalangu a cikinta.

38/ Don haka ka iya ɗaukar ƙirga daga uno zuwa veinte, ko ranakun mako, ka ɗora su a kan karin da ka taso da shi, irin na makarantar allo ko na gaɗa. Ni haka na haddace watanni 12. Ƙanwata da ke jin ina yi ta riga ni iyawa, ita da ba ta ma yi niyya ba.

39/ Ina nake yanzu? Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ƙware ba. Ina karanta labarin wasanni in gane mafi yawansa. Ina hira ta minti 20 da abokin nan na Kolombiya, yana gyara min, ni kuma ina koya masa "sannu da aiki". In ɗan Madrid ya saki baki da gudu, har yau rabi nake kamawa.

40/ Abin da ke ci min rai shi ne yaran garinmu. Shekaru rashin tsaro ya rufe makarantu a ƙauyuka, ya hana malamai zuwa, ya mayar da dajin Kamuku da aka ayyana gandun ƙasa a 1999 wurin da ake jin tsoron ambata. Yaro ya taso yana ganin duniya ta ƙare a shingen sojoji na bakin gari.

41/ A Nuwamban 2024 aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhu, motoci suka dawo hanya. Muna roƙon Allah ya ɗorar. Amma shekarun karatun da suka zube ba za su dawo da sanarwa ba. Kafin a gyara aji, wayar da ke hannun yaro ita ce makarantar da ba a rufe ba.

42/ Shi ya sa in ka ga ƙanenka na bin waƙar wani yare, kar ka fara da zagi, kar kuma ka ƙyale shi haka. Ka tambaye shi, "me take cewa?" In bai sani ba, ku nemo tare. In ta banza ce ku sauya. In ta kirki ce ka ba shi biro. Tambayar nan ɗaya ce ta raba mai koyo da mai ɓata lokaci.

43/ Abokina na jiya, na san kana karantawa: ka ci rabin musun. Wanda ke ji kawai yana kaɗa kai, kiɗa yake sha, kar ya yaudari kansa. Amma littafin lissafin nan yana nan a jakata, ka zo ka ƙirga shafukan. Sannu ba ta hana zuwa.

44/ Wa ya koyi wani yare ta waƙa, Larabci ko Indiyanci ko Faransanci ko Fulatanci? Me ya zauna, me ya zube? Ku faɗa min a ƙasa. Mai son jerin waƙoƙi masu tsafta da na fara da su ya yi magana in tura. Allah ya zaunar mana da Birnin Gwari da Arewa lafiya. Hasta mañana, in sha Allah.